Rijiyar Iro da Wanda Ya Haƙa Ta

A Kusuri na fara gane cewa na bar gida da gaske. Har Gamboru ina jin kaina a ƙasarmu, ina taya tsire da Hausa ana sallama mini da Hausa. Amma da muka tsaya a bakin kogi muna jiran kwalekwalen da zai haye da mu Injamena, sai wani soja ya daka mini tsawa da wani yare, ni kuwa na cire hula na ce, "Na'am, ranka ya daɗe." Ashe cewa yake in ɗaga ƙafata daga kan igiyar jirgi. Lawan, wani mutumin Kumbotso da muka haɗu a mota tun Maiduguri, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in dai haka zan riƙa cire wa kowa hula, kafin mu kai Jidda rana ta gama dafa mini ƙwaƙwalwa.

Jidda muka nufa neman aiki. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, bayan tumatir ya ci mini mutunci rani biyu a jere. Ka yi ban ruwa, ka yi feshi, ka yini a gona rana tana dukanka, ranar da ka kai kwanduna bakin titin Kadawa sai ka tarar duk duniya ta kawo nata, mai saye yana taya maka kamar sadaka zai ba ka. A rani na biyu da hannuna na juye kwanduna a bakin kanal, shanun Fulani ma suka shinshina suka wuce. Sai na ce bari in je in gwada sa'ata a inda ba a shuka tumatir.

Sunana Tasi'u, amma a hanyar nan ba wanda ya kira ni da shi. Ɗan Mai Rijiya Lawan ya raɗa mini, kuma ni na jawo wa kaina, don kafin mu kai Gamboru na ba shi tarihin garinmu sau biyu.

Garin namu ɗan ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Rijiyar Iro, Iron kuwa mahaifina ne. Shi ya sari wurin tun yana dajin sabara da geza. Ana ce masa Malam Iro, amma ba malamin allo ba ne, malantarsa ta tarihi ce. Ya san gidan da ya taso daga Rano, da wanda ya gudo wa haraji, da shekarar da fara ta cinye gero, da wadda ta auri wane aka haifi wane. Lokacin da aikin noman rani ya zo, katafila ta baje gonaki ta tumɓuke gamba da itatuwan da ake gane iyaka da su, shi aka ɗauka a bayan mota yana nuna wa ma'aikata da sanda: daga nan zuwa can na gidan wane ne. Ba wanda ya yi masa musu. In Malam Iro ya ce haka aka yi, magana ta ƙare.

Labarin da ya fi so kuwa shi ne na rijiyar. "Ni kaɗai na zo," haka yake farawa, "daga ni sai gatari da dagi da jakar tsaba. Na haƙa gaba goma, na fasa marmara, ba ɗan'adam a kusa, sai kuraye da ke leƙo ni. Ranar da ruwa ya ɓullo na yi kabbara, aka ji ni har fadama, mutane suka zo." Na haddace shi tas, har da inda yake tsayawa ya yi gyaran murya. A kan hanya labarin nan ya ciyar da ni ba sau ɗaya ba. In muna saman lori a kan buhuna, gajiya ta kashe kowa, sai in ɗauko shi, in ƙara wa kurayen yawa, kafin in gama wani ya miƙo mini dabino ko ƙuli. Ina jin kaina sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba. Sauran matafiya 'ya'yan mutane ne, ni ɗan wanda ya kafa gari ne.

A Injamena muka faɗa hannun wani Alhaji Sule, mai babbar riga da carbi da taushin murya. Ya ce shekara da shekaru yana kai mutane gabas, yana da jirgin ruwa da ke jiransa a Bur Sudan, mu dai mu ba shi takardunmu da guzurinmu ya riƙe mana saboda ɓarayin hanya. Muka ba shi, har muna godiya. Ya kai mu Abeshe lafiya, ya sauke mu a wani gida, ya ce zai je a buga mana hatimi ya dawo. Ya bar butarsa da dardumarsa a wurinmu. Lawan ya ce ai mutumin da ya bar buta da darduma ba zai yi nisa ba. Haka muka zauna, ƙartai biyu, muna gadin buta, har mai gidan ya gaji ya nemo wanda ke jin Hausa ya gaya mana cewa wannan ce buta ta uku da Alhajin ya bari a gidansa.

Komawa gida ba ta yiwu ba, kunya ba za ta bari ba. Muka yi dako a kasuwa, muka ɗebo wa mutane ruwa, da muka ɗan tara abin hanya muka bi wasu fatake masu jakuna muka tsallaka Jinena ta ƙasar Sudan a ƙafa. A wannan tafiyar na san ƙishirwa. Ni da na saba ruwa yana gudu a bakin gonarmu rani da damina, har muna zagin mai buɗe ƙofar kanal in ya makara, sai ga ni ina bin tulun wata mata da ido kamar akuya. In na rufe ido ba matata nake gani ba, Allah ya yafe mini, kanal nake gani cike maƙil, yara suna tsalle a ciki.

A Niyala wata mai shayi ta ji tausayinmu. Ba ta jin Hausa, ba mu jin Larabci sai na salla, amma kullum da safe za ta ajiye mana shayi da kisra, wata irin waina ce mai faɗi da tsami, mu kuma mu hura mata gawayi mu wanke kofuna. Ta ga yadda ƙafafuna suka tsattsage ta kawo mini kitse a gwangwani ta nuna mini in shafa. Ranar da za mu hau jirgin ƙasa ta ɗaure mini dabino a bakin rawani, ta dafa kaina tana wata magana. Ban san abin da ta ce ba, na dai ce amin.

A saman jirgin muka yi tafiyar, ba a cikinsa ba, muna riƙe da juna kada gyangyaɗi ya jefar da wani. A Kosti muka rabu da Lawan. Shi ya ce ko da rarrafe sai ya ga Jidda, ni kuma jikina ya fara gaya mini gaskiya. Ya ɗauki butar Alhaji Sule ya ce ita ce rabonsa na gado, ya bar mini dardumar. Ban sake jin ɗuriyarsa ba, kuma har yau in na tuna shi ina yi masa addu'a.

Na isa Madani da niyyar in yi tsintar auduga in tara kuɗin jirgi. A unguwar Hausawa na zauna wurin wani wanzami, yana yi mini aski yana tambayata daga ina. Da na ce ƙasar Kura, sai ya tsayar da askar.

"To ai kai kayan Haj Muhammad ne," in ji shi. "Wani dattijo ne a cikin gonakin auduga. Tun muna yara ya bar sallahu, duk wanda ya zo daga kudancin Kano, Kura ko Bunkure ko Rano, a tura masa. Je ka, ba za ka kwana da yunwa ba."

Wurin 'yan gidajen ƙasa ne a bakin wani babban kanal, auduga ta yi fari ko'ina har iyakar ganinka. Da na ga ruwan nan yana tafiya a hankali, mutane suna buɗe masa hanya da fartanya kamar yadda muke yi a gida, sai na tsuguna na wanke fuska na daɗe ina wankewa, don kada a ga abin da idona yake yi. Aka karɓe ni ba tambaya. A wurinsu ba a tambayar baƙo asalinsa sai ya ci ya yi wanka ya huta, sannan a kai shi gaban babba bayan la'asar, a gaban jama'a, ya faɗi ɗan wane ne shi, ya ba da labarin gida. Su da yawansu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ba, labarin baƙo shi ne Kanonsu.

Haj Muhammad ɗan ƙaramin tsoho ne, bayansa ya tanƙware, idonsa ya yi hazo, yatsunsa sun karkace kamar saiwa. Yana zaune a kan buzu a gindin darbejiya, 'ya'yansa da jikokinsa da maƙwabta sun kewaye shi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan wane ne kai a Kura?" ya ce. Hausarsa irin ta mutanen da ce, da ɗan Larabci a ciki.

"Ba cikin Kura ba, Baba. Wani gari ne a gefe, Rijiyar Iro. Ni ɗan Malam Iron ne da kansa."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Na ɗauka sunan mahaifina ne ya kai har nan, sai na ƙara gyara zama.

"Rijiyar Iro," ya ce a hankali. "Ba mu labarinta."

Ban taɓa ba da labarin nan da daɗi kamar ranar ba. Na yi muryar Baba, na yi gyaran muryarsa, na kawo gatari da dagi da jakar tsaba, na tara kuraye a bakin rami. Ina cikin yi na lura wurin ya yi tsit, amma ba irin tsit ɗin da na saba ba. Ba mai murmushi. Matan da ke leƙe ta katanga suka daina leƙe. Babban ɗan tsohon, Abdurrahman, wani dogo mai faɗin ƙirji, ya miƙe tsaye fuskarsa a murtuke, uban ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Ni kuwa wawa na ci gaba har na kai kabbara.

"Gaba goma ka ce?" in ji tsohon.

"Gaba goma, Baba."

"Shi kaɗai."

"Shi kaɗai, sai Allah."

"To, ya waladi, kai manomi ne, na ji tafin hannunka da muka gaisa. Ka san rami. In mutum yana ƙasan gaba goma yana sara, wa yake jan ƙasar zuwa sama?"

Ni da kaina na sha haƙa rijiya a fadama, na san ɗaya ne yake ciki yana cika guga, ɗaya yana sama yana ja. Ƙaramin yaro ma ya san wannan. Shekara talatin ina jin labarin nan, ina ba da shi, ko sau ɗaya ban taɓa haɗa shi da abin da hannuna ya sani ba. Don kada in yi shiru sai na ce wataƙila yana hawowa da ita da kansa. Wani daga baya ya yi 'yar dariya, wadda har yau in na tuna ta sai na ji zafi a kunnuwana.

"Iro bai taɓa sauka ƙasa da gaba biyu ba," tsohon ya ce. "Jiri yake ji. Amma hannu gare shi, wallahi, hannu gare shi. Shi ke sama da igiya, ni ke ciki da dagi. A nan Muhammad suke ce mini, a gida Mati ne. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ni baffanka ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Mutanen nan duk sun san labarin rijiyar, da shi ne tsohon ya raine su, amma daga cikin ramin suka san shi. Ni kuma na zo na ci tuwonsu na sha ruwansu, na zauna a gabansu na share musu uba daga duniya, har ina kwaikwayon murya.

Ya matso da fuskarsa kusa da tawa, yana nema ya gan ni da ɗan ganin da ya rage masa.

"Bai taɓa ambatona ba? Ko a wani labarin daban?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Amma na riga na yi wadda ta isa a ranar.

"Ko cewa yana da ƙane ya mutu?"

"Bai taɓa ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ce a shimfiɗa mini a ɗakin Abdurrahman, don ni ba baƙo ba ne da za a kai ɗakin baƙi.

Na shiga tsintar auduga tare da su. Da hantsi in na kawo buhuna inuwa sai ya kira ni in zauna kusa da shi, a haka ya ba ni sauran labarin, kaɗan kaɗan, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ranar da ruwa ya ɓullo yana ƙasa, ya ji sanyi a yatsun ƙafarsa, ya ƙwalla wa yayansa kira. Iro ya yi kabbara a sama, mutanen ƙauyukan kusa suka taru suna yi masa barka. Kafin a tuna a jawo shi, shi Mati, wuri ya cika, ya fito duk jikinsa taɓo, wasu suka ɗauka ɗan ƙodago ne. Bayan 'yan kwanaki dagaci ya zo ya ga ruwa, ya sa wa wurin suna, ya ba Iro unguwa.

"Ban ji haushin sarauta ba," ya ce, "shi ne babba, tasa ce. Amma dagaci ya tambaya wa ya haƙa, Iro ya ce ni ne. Ina tsaye a bayansa. Jira na yi ya waiwayo, bai waiwayo ba."

Da aka yi girbi sai ya bi ayarin mahajjata a ƙafa. Ya sauke farali, ya juyo, ya kawo nan guzuri ya ƙare, ya tsaya tsintar auduga kamar yadda na tsaya. Ya yi aure, 'ya'ya suka zo. Kullum cewa yake sai baɗi zai koma.

Wata rana ya tambaye ni abin da nake ta addu'a kada ya tambaya.

"Ruwanta har yanzu da daɗi? Da garɗi gare shi, kamar an sa masa tsamiya kaɗan."

Na gaya masa gaskiya. Na ce da aikin noman rani ya zo, rijiyar ta faɗa cikin filin da za a baje, katafila ta cike ta. Yanzu shinkafa ake yi a wurin, ko alamarta babu.

"To, ta yi aikinta," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ke nan yanzu ba ta ko'ina sai a bakin Iro."

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kayar da ni, irin mai sa mutum ya ga bango yana tafiya. Abdurrahman, wanda ranar farko ya tashi zai mare ni, shi ya ɗora ni a jaki ya kai ni asibiti, shi ya riƙa tallafe ni ina shan kunu. Matarsa ta yanka mini kazarta mai ƙwai. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi. Jikokin kuma suna kewaye ni suna cewa in ba su labarin Kano, ni kuwa bakina ya mutu, ban sake ba kowa labarin komai ba.

Da na warke Jidda ta fita daga raina. Suka haɗa mini abin hanya daga kuɗin audugarsu, suka haɗa ni da wasu masu komawa Barno. Da na je sallama Baffa Mati ya riƙe hannuna da karkatattun yatsun nan nasa.

"Ka gai da Yaya. Ka ce masa duk tsawon aikin nan raina a hannunsa yake, bai taɓa sakin igiya ba, ban manta ba. Abin da zai gaya wa mutane kuma, wannan shi ya sani."

Dawowar ba ta da wani labari, wahala ce irin ta zuwa, sai dai wannan karon ba na magana a saman lori. A gida samari suka raɗa mini Alhajin Kosti, mata suna tambayata ina tsarabar Makka. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, abin da ke cikina ya fi shi nauyi. Ta yaya ɗa zai durƙusa gaban ubansa ya ce masa na gano ka? Na yi ta ɗaga maganar, yau sai gobe, ina kewaye zaurensa kamar mai bin bashi ya biyo ni.

Ana nan wasu ɗalibai suka zo daga Kano da na'urar ɗaukar magana, suna son tarihin garuruwan da aikin ruwa ya shafa. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma, yara suka taru. Ya gyara murya ya ce, "Ni kaɗai na zo." Ban san lokacin da na miƙe na bar wurin ba.

Washegari da safe ya aika a kira ni.

"Tasi'u, tun da ka dawo ba ka zama in ina magana. Me ka gani a gabas?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, na ga Baffa Mati."

Ban ɗago ba, amma ina jin numfashinsa. Kaji suna ta tone a tsakar gida, wani yana ta kiran mai goro a waje.

"Yana raye?"

"Yana raye, Baba. Da 'ya'ya da jikoki."

"Ya tsufa?"

"Bayansa ya tanƙware."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na zo wurin igiya sai ya juya fuskarsa bango ya ce in tashi in tafi.

Ya daina fitowa zaure. Abinci ma sai a kai a dawo da shi. Dole na gaya wa babban yayanmu Haruna abin da ya faru, ya rufe ni da faɗa. Ya ce na tafi neman arziki na dawo musu da tonon asiri. Ya ce, "Kai ba ka da tunani ne? Da bakinsa aka raba gonakin garin nan. In aka ji ya yi ƙarya a kan rijiya, gobe kowa zai ce ya yi a kan iyaka. Tsoho ya kusa kabari, sai ka bar shi ya tafi da mutuncinsa." Ni ma a raina ina ganin kamar na kashe ubana ne da hannuna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya ce a fitar masa da tabarma ƙofar gida, a kira dattawan gari, har da tsofaffin mata. Aka taru ana ta kallon juna. Na raɓe a gefe, Yaya Haruna yana hararata. Baba ya fito da sanda, ya rame, ya zauna da ƙyar. Ya yi gyaran muryar nan tasa da na iya kwaikwayo.

"Mu biyu muka zo wurin nan," ya ce. "Ni da ƙanena Mati. Shi ya haƙa rijiyar, gaba goma, shi ya fasa marmara. Ni ƙasa kawai na ja. Yana nan da ransa a gabas. Duk wanda na gaya wa ba haka ba, ƙarya na yi masa."

Na dubi ƙasa ina jiran hayaniya ta tashi. Ba ta tashi ba. Sai na ji wani ya yi tari, wata ta gyara mayafi. Iya Gambo ce ta yi magana, tsohuwar da ta fi duk matan garin shekaru, 'yar Fulanin da suke kiwo a fadama tun kafin a yi gida ko ɗaya.

"Malam Iro, ai ni nake kawo muku fura bakin ramin nan ina yarinya. Ƙwarya biyu innata take ɗora mini, ɗaya in miƙa maka, ɗaya ka zura da igiya."

Baba ya dube ta, ya dubi sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki a cikinsu. Mu yara ne kawai bakinmu yake buɗe.

"Kun sani?" ya ce.

"Tsofaffin nan da kake gani ba wanda bai sani ba. A kan gona ba ka taɓa cutar kowa ba, shi ya sa muka ƙyale ka da wannan."

"Shekara nawa ina faɗa a gabanku, Gambo. Me ya hana ku tsayar da ni?"

"Ƙaninka ne, ba namu ba," in ji ta. "Kai muke jira."

Baba ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, a gaban kowa.